Yanayin hulɗa da yanayin nauyi a fiziks ɗin ƙwayoyin zarra: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai masu jin Hausa da ke karatun fiziks a KNUST ta Kumasi da Legon ta Accra suka fi kawowa idan aka iso babin niyutirino da kwak (kwak su ne ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi furoton da niyutiron na cibiyar zarra). Kusan dukkansu tushensu ɗaya ne: ana haifar ƙwaya kuma ana kama ta a wani yanayi, amma a wani yanayin dabam take yin tafiya. Duk inda muka ce nauyi a nan, muna nufin m ɗin da ke cikin E = mc², kuma da eV (ilektoron-volt, ƙaramin ma'aunin makamashi) muke auna shi kamar yadda aka saba a fagen; keV dubunsa ne, MeV miliyan, GeV biliyan.

Malam, mene ne yanayin hulɗa, mene ne kuma yanayin nauyi?

Mu ɗauki niyutirino, domin a jikinsa abin ya fi fitowa fili. Ba shi da caji, ƙarfin da ke ɗaure cibiyar zarra kuma bai san da zamansa ba. Hanyar da ake haifarsa ko a kama shi ita ce hulɗa mai rauni, wadda ƙwayoyin W da Z ke ɗauka. Duk sanda W ta haifi niyutirino, tare da ɗaya daga cikin 'yan'uwa uku masu caji take haifarsa: ilektoron, miyon, ko tau. Da sunan abokin haihuwar ake kiransa, wato νe, νμ da ντ. Waɗannan ukun su ne yanayin hulɗa.

Yanayin nauyi kuwa su ne ν1, ν2 da ν3. Kowannensu yana da nauyi guda tabbatacce, m1, m2, m3, kuma idan aka sake shi a sarari zai yi ta tafiya yana nan yadda yake.

Da a ce νe shi ne ν1, νμ kuma shi ne ν2, da babu abin tambaya. Gwaji ya nuna ba haka abin yake ba. νe haɗi ne na ν1 da ν2 da ν3 gaba ɗaya, haka νμ da ντ, kowanne da irin nasa rabon. Jadawalin lambobi mai layi uku da ginshiƙi uku da ke faɗin wannan rabo shi ake kira PMNS, daga sunayen Pontecorvo, Maki, Nakagawa da Sakata. Pontecorvo ya fara maganar rikiɗar niyutirino a 1957, sauran ukun suka kawo batun gaurayar a 1962. A awon da ake da shi yau, idan ka duba νe za ka samu kusan kashi 68 cikin ɗari ν1, kashi 30 ν2, sai kashi 2 kacal ν3.

To wanne ne niyutirinon gaskiya a cikinsu?

A lissafi duka jeri biyun daidai suke. Kamar dai kibiya ce a kan takardar giraf: za ka iya bayyana ta da layin x da y, za ka iya karkata layukan da wata kusurwa ka sake bayyana ta, kibiyar ba ta motsa ba. Shi ya sa ake bayyana gaurayar da kusurwoyi: θ12 kusan digiri 33, θ23 kusan 45, θ13 kusan 8.6.

Amma idan aka matsa mana mu zaɓa, ν1, ν2 da ν3 ne suka fi cancanta a kira su ƙwayoyi. A ka'idar filin kwantum, ƙwaya abu ne mai nauyi tabbatacce da juyin kai (spin) tabbatacce. νe ba shi da nauyi guda, suna ne na irin haɗin da W ke fitarwa tare da ilektoron. Tarihi ne ya sa aka fara sanin sunayen hulɗar, tunda su na'ura ke gani: Reines da Cowan sun kama na ilektoron a 1956, an kama na miyon a Brookhaven a 1962, na tau kuma sai 2000 a Fermilab.

Yaya νμ ke zama wani abu dabam a hanya, alhali babu abin da ya taɓa shi?

A nan ne ya kamata ɗalibi ya zauna da kyau, domin wanda ya kama wannan ya kama babin duka.

A ce fayon, wata ƙwaya mai gajeren rai, ya ruɓe ya ba da miyon da niyutirino. A daidai wurin haihuwar, niyutirinon νμ ne tsantsa, ma'ana igiyoyi uku, ta ν1 da ta ν2 da ta ν3, sun taso da taku ɗaya, a jere yadda ɓangaren ilektoron da na tau da ke cikinsu suka soke juna sarai, ɓangaren miyon kaɗai ya rage.

Sai tafiya ta fara. Kowace igiya tana kaɗawa da saurin da ya dogara da nauyinta. Ga ƙwaya mai gudun da ya kusa na haske, makamashinta E kusan p + m²/2p ne (p shi ne momentum, ƙarfin tafiyarta), don haka bambancin takun igiyoyi biyu bayan nisan L shi ne Δm²L/2E, inda Δm² yake nufin m² na ɗaya a cire m² na ɗayan. Bambancin ƙanƙani ne ƙwarai, amma yana taruwa da nisa. Bayan wasu kilomitoci igiyoyin sun saɓa taku, sokewar da ta ɓoye ɓangaren tau ta lalace, ɓangaren tau ya bayyana. Idan aka ci gaba da tafiya takun zai sake daidaita, miyon ya dawo.

Wanda ya zauna a Aboabo ko Nima lokacin dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki a Ghana, ya ji irin wannan da kunnensa. Janareto biyu na maƙwabta suna aiki, gudun injinsu ya kusa zama ɗaya amma bai zama ba, sai ka ji ƙarar tana kumbura tana lafawa, tana kumbura tana lafawa. Babu janareton da ya canja gudu. Saɓanin takunsu ne kunne ke ji, kuma gwargwadon kusancin gudun nasu, gwargwadon jinkirin kumburin.

A ƙarshe na'urar ganowa. Ita ba ta iya tambayar nauyi, tambayarta ɗaya ce: da aka bugi cibiyar zarra, ilektoron ne ya fito, ko miyon, ko tau? Amsar ta dogara da yadda takun igiyoyin yake a daidai wurin. A lura cewa rabon ν1, ν2 da ν3 bai canja ko kaɗan ba a sarari daga farko har ƙarshe. Taku kaɗai ya canja.

Ba za a ce kawai kashi 68 na niyutirinonin ν1 ne, sauran kuma ν2 da ν3 ba?

A'a, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a takardun jarrabawa. Da tarin ƙwayoyi ne waɗanda kowacce ta riga ta zama ν1 ko ν2 ko ν3 tun daga haihuwa, da yawan miyon da za a ƙirga ba zai dogara da nisa ba sam, domin ν1 shi kaɗai ba ya rikiɗa. Abin da aka gani shi ne adadin yana sauka yana hawa bisa L/E. Hakan ba ya yiwuwa sai idan kowane niyutirino guda yana ɗauke da igiyoyin uku a lokaci ɗaya. A lissafi, ana tara girman igiyoyin tukuna sannan a ɗauki murabba'in jimlar. Wanda ya ɗauki murabba'in kowacce sannan ya tara, ya zubar da mahaɗin da rikiɗar ke ciki.

Yaya ake lissafin a aikace?

Idan nau'i biyu kaɗai suka fi tasiri, dabarar ita ce:

P = sin²(2θ) × sin²(1.27 × Δm² × L / E)

P shi ne damar rikiɗa, θ kusurwar gauraya, Δm² a eV², L a kilomita, E a GeV. Lambar 1.27 ta fito ne daga 1/4ħc bayan an daidaita ma'aunai. Bambance-bambancen da aka auna biyu ne: ƙarami, Δm²21, kusan 7.5 × 10⁻⁵ eV², da babba, kusan 2.5 × 10⁻³ eV².

Mu ƙaddara an harbo νμ daga Accra zuwa Kumasi. A hanyar mota nisan ya kai kilomita 250, amma niyutirino ta cikin ƙasa yake bi a miƙe, don haka L kusan 200 ne. Da makamashin GeV 1, abin da ke cikin baka shi ne 1.27 × 0.0025 × 200 ÷ 1 = 0.635. Sin ɗinsa 0.593, murabba'insa 0.35. Tunda θ23 ya kusa digiri 45, sin²(2θ) ya kusa 1, ke nan kusan kashi 35 cikin ɗari na νμ sun ɓace kafin su iso Kumasi. Idan ana son ɓacewar ta kai ƙololuwa, sai abin cikin bakan ya zama π/2, wato 1.57, wanda ke buƙatar E kusan GeV 0.4. Haka aka tsara gwajin T2K a Japan: nisa kilomita 295, makamashi GeV 0.6, a buga za a samu 1.56.

Ga inda ake zamewa. Na farko, kalkuleta a kan digiri. Lambar 0.635 a radiyan take, wanda ya bar na'urarsa a digiri zai samu 0.00012 maimakon 0.35, ya yanke cewa babu rikiɗa. Na biyu, ma'aunai: kilomita da GeV suke tafiya tare, mita da MeV suke tafiya tare, idan aka haɗa kilomita da MeV amsa ta kauce da ninki dubu. Na uku, Δm² bambancin murabba'ai ne, m2² − m1², kuma ya sha bamban da murabba'in (m2 − m1). Na huɗu, akwai masu sa θ inda ake son 2θ.

Sai wani abu da ba kuskuren lissafi ba ne. Idan L/E ya yi girma sosai, hawa da saukar suna yin sauri fiye da yadda na'ura za ta bambance, domin ba ta auna E daidai ɗari bisa ɗari ba, kuma tushen ma yana da faɗi. A nan sai a maye gurbin sin² na biyun da matsakaicinsa, wato rabi.

Idan νμ ya zama ντ, me ya sa ake cewa ya ɓace?

Domin tau yana da nauyi, MeV 1,777. Kafin ντ ya iya haifar tau a cikin na'ura sai makamashinsa ya haura kusan GeV 3.5. A T2K da ke aiki da GeV 0.6, ντ yana wucewa bai bar alamar tau ba, abin da ake gani kawai shi ne ƙarancin miyon. Shi ya sa ake kafa na'ura ta kusa, a T2K tana mita 280 daga tushen, don a ƙirga abin da ya tashi kafin a kwatanta da abin da ya isa. Gwajin OPERA ne ya je neman tau ɗin kansa, da harbi mai ƙarfi daga CERN zuwa Gran Sasso a Italiya, kilomita 730, kuma zuwa 2015 ya kama guda 5.

Daga ina saɓanin jeri biyun ya samo asali?

Daga cewa abubuwa biyu dabam ne suke tsara ƙwayoyin. Hulɗa mai rauni tana haɗa su bibbiyu: kwak u da abokinsa, c da abokinsa, t da abokinsa, haka ilektoron da niyutirinonsa. Nauyi kuwa, ga kwak da 'yan'uwan ilektoron, daga hulɗa da filin Higgs yake zuwa, kuma lambobin wannan hulɗar jadawali ne cikakke wanda zai iya haɗa zuriya ta farko (ta u) da ta biyu (ta c) da ta uku (ta t). Don a samu ƙwayoyi masu nauyi tabbatacce dole a juya jadawalin har lambobinsa su rage a kan layin tsakiya kaɗai. Juyin da ake buƙata ga u, c, t dabam, wanda ake buƙata ga abokansu d, s, b dabam. W tana haɗa na sama da na ƙasa, saboda haka ragowar bambancin juyin biyun yana bayyana a hulɗarta. Wannan ragowar ita ce jadawalin gauraya.

Foton da Z suna haɗa ƙwaya da irinta ne, juyin da kishiyarsa suna soke juna, shi ya sa kai tsaye ba sa canja nau'i. Glashow, Iliopoulos da Maiani sun yi amfani da wannan a 1970 suka ce dole akwai kwak na huɗu, aka kuwa same shi a 1974.

Wani abin lura: da nauyin niyutirino uku sifili ne, ko dukkansu ɗaya ne, da kowane juyi aka zaɓa daidai ne, sai a zaɓi wanda zai share gaurayar gaba ɗaya. Haka ainihin Tsarin Ƙa'ida na ƙwayoyin zarra ya ɗauka. Ganin rikiɗa shi ya rushe wannan zato.

Kwak ma suna da wannan?

Suna da shi, kuma a kansu aka fara auna shi. Cabibbo a 1963 ya lura cewa ruɓewar ƙwayoyi masu ɗauke da abin da yau muke kira kwak s tana da rauni fiye da yadda ake tsammani, ya bayyana hakan da kusurwa guda, kusan digiri 13. A yaren yau, abokin u a hulɗa mai rauni haɗi ne na d da s, 0.974 na d da 0.225 na s. Kobayashi da Maskawa suka faɗaɗa shi zuwa zuriya uku a 1973, lokacin kwak uku kaɗai aka sani, suka samu kyautar Nobel a 2008. Dalilinsu shi ne da zuriya biyu kusurwa ɗaya ake samu kawai, da uku kuwa ana samun kusurwa uku da ƙarin taku guda wanda zai iya bambanta ƙwaya da kishiyarta (antiparticle).

Jadawalin gaurayar kwak, CKM (Cabibbo, Kobayashi, Maskawa), ya kusa zama babu gauraya: c zuwa b kusan 0.041, u zuwa b kusan 0.004, t zuwa b ya kusa 1. Na niyutirino kuwa kusurwa biyu daga cikin uku manya ne. Dalilin wannan bambanci na daga cikin manyan tambayoyin da fagen bai warware ba.

A kula da saɓanin al'adar suna. A kwak, sunayen d, s, b na yanayin nauyi ne, yanayin hulɗar su ake yi wa alama d′, s′, b′. A niyutirino sanannun sunayen na yanayin hulɗa ne. Ɗalibai da yawa a nan suke rikicewa, alhali lissafin iri ɗaya ne.

Me ya hana ilektoron rikiɗa zuwa miyon a hanya?

Tazarar nauyi. Ilektoron MeV 0.511, miyon MeV 105.7. Da irin wannan tazara, ruɓewar da ta haife su ta riga ta nuna wanne aka haifa, domin saurin sauran ƙwayoyin da suka fito ya bambanta ƙwarai tsakanin biyun. Da zarar akwai shaidar wane nauyi ne, igiyoyin ba sa haɗuwa. Ban da haka, da yanayin nauyin ilektoron, miyon da tau ɗin ne muka ayyana nau'in tun farko, saboda haka a wajensu jeri biyun ɗaya ne.

Idan ƙwaya ɗaya tana da nauyi uku, ba a karya dokar adana makamashi ba?

Ba a karya ba, kuma lambobi za su nuna. Fayon mai nauyin MeV 139.6 da ke tsaye yana ba niyutirino kusan MeV 30. Bambancin makamashi tsakanin yanayin nauyi biyu shi ne Δm²/2E, wato 0.0025 a raba da miliyan 60, kusan 4 × 10⁻¹¹ eV. Shi kuma fayon yana rayuwa ne na nanosakan 26, don haka bisa ƙa'idar Heisenberg makamashinsa yana da rashin tabbas na kusan 2.5 × 10⁻⁸ eV, sama da ninki 500 na wancan bambancin. Ke nan akwai isasshen wuri da yanayin nauyi ukun za su fito tare, kowanne yana cika dokar a nasa ɓangaren. Da wani zai iya auna miyon ɗin da daidaiton da zai nuna wane nauyi ne ya fita, da rikiɗar ta ɓace a wannan gwajin.

Wace shaida ce ta tabbatar da duk wannan?

Ta fara da Ray Davis a mahaƙar zinariya ta Homestake a Amurka, kusan mita 1,500 a ƙarƙashin ƙasa, da tanki mai tan 615 na ruwan wankin kaya mai kulorin. νe daga rana yana mai da kulorin zuwa argon, shi kuma yana tsamo zarran argon ɗin yana ƙirgawa. Daga 1968 abin da yake samu kusan sulusin abin da lissafin John Bahcall ya ce ne, aka shekara talatin ana jayayya ko tankin ne da laifi ko lissafin rana.

A 1998 Super-Kamiokande a Japan, tanki mai tan 50,000 na tsantsar ruwa da idanun haske kusan 11,000, ya duba niyutirinon da ake haifa a sararin samaniya. Miyon yana barin zoben haske mai kaifin baki, na ilektoron kuwa bakinsa a dushe yake, da haka ake bambance su. Waɗanda suka sauko daga sama, tafiyar kusan kilomita 15, sun iso cif. Waɗanda suka ratso duniya daga ƙasa, har kilomita 12,700, kusan rabin νμ ɗinsu babu.

SNO a Kanada, mai tan 1,000 na ruwa mai nauyi a zurfin kilomita 2, shi ya rufe maganar rana a 2001 da 2002. Yana da hanya ɗaya da ke ƙirga νe kaɗai, da wata ta Z da ke ƙirga nau'i ukun ba bambanci. νe ya fito kusan sulusin jimla, jimlar kuma ta dace da lissafin Bahcall. Kajita da McDonald suka karɓi Nobel a 2015 kan waɗannan biyun. KamLAND, da ke kallon tashoshin nukiliyar Japan daga matsakaicin nisan kilomita 180, ya nuna saukar da hawan bisa L/E, Daya Bay a China kuma ya auna θ13 a 2012.

Ke nan niyutirinon rana yana ta rikiɗa a tafiyar kilomita miliyan 150?

Mafi ƙarfinsu ba haka suke yi ba, kuma wannan wuri ne da littattafai da dama ke taƙaitawa har su ɓata. A tsakiyar rana cunkoson ya kai giram 150 a kowane santimita kubik, cike da ilektoron. νe yana hulɗa da su ta hanyar W, νμ da ντ ba sa yi a wannan makamashin. Wannan ƙarin yana canja yanayin da ke tafiya ba tare da sauyi ba a cikin rana. Ga niyutirino mai makamashin kusan MeV 10, νe da aka haifa a tsakiya kusan shi ne yanayi mafi nauyi na biyun da za su fito a matsayin ν1 da ν2, kuma tunda cunkoson a hankali yake raguwa, yana bin wannan yanayin har ya fito a matsayin kusan tsantsar ν2. ν2 kuwa ba ya rikiɗa a sarari. Ya iso duniya yana ν2, na'ura ta tambaye shi, damar ya amsa a matsayin ilektoron ita ce kashi 30 ɗin nan. Wannan shi ne sulusin Davis da SNO. Wolfenstein a 1978, da Mikheyev da Smirnov a 1985, su suka fito da bayanin.

Masu ƙaramin makamashi, ƙasa da MeV 1, cunkoson bai dame su sosai ba, suna samun matsakaicin rikiɗar sarari, kusan kashi 55 suna isowa a νe. Daga wannan tasirin aka san cewa m2 ya fi m1. Ko m3 ne babba ko shi ne ƙarami, shi JUNO a China, mai nisan kusan kilomita 53 daga tashoshin nukiliya, da DUNE a Amurka mai nisan kilomita 1,300 aka tsara su amsa.

Ina kayon ya shigo?

Kayon marar caji, ƙwayar da ake rubutawa K⁰, shi ne tsohon misalin, Gell-Mann da Pais suka hango shi a 1955. Hulɗa mai ƙarfi tana haifar K⁰ ko kishiyarsa, kowanne da tabbataccen kwak s ko kishiyar s. Masu tafiya kuwa haɗinsu ne biyu, KS da KL. Dukansu nauyinsu kusan MeV 498, bambancin kusan 3.5 × 10⁻⁶ eV. Abin da kayon ya ƙara shi ne tsawon rai: KS yana mutuwa cikin 0.9 × 10⁻¹⁰ na sakan, KL yana kai 5.1 × 10⁻⁸, ninki kusan 570. Saboda haka idan aka harba tsantsar K⁰, bayan 'yan mitoci KS ya ƙare, KL kaɗai ya rage, kuma a cikinsa kusan rabi kishiyar K⁰ ne da ba a haifa da farko ba. A irin wannan harbin ne Cronin da Fitch a 1964 suka ga KL yana ruɓewa zuwa fayon biyu kusan sau 2 cikin 1,000, abin da ya nuna ƙwaya da kishiyarta ba madubin juna ba ne sarai. A nan yanayin hulɗar na hulɗa mai ƙarfi ne, don haka duk sanda aka ce yanayin hulɗa, a tambaya wace hulɗar ake nufi.

Foton da Z fa?

Su ma yanayin nauyi ne. Filayen asali biyu marasa caji, W³ da B, suna gaurayuwa da kusurwar da sin² ɗinta kusan 0.23. Haɗi ɗaya ya fito ba nauyi, shi ne foton. Ɗayan ya ɗauki GeV 91.2, shi ne Z. Da wannan tazarar babu maganar rikiɗa a hanya.

To nauyin νe nawa ne?

Ba shi da nauyi guda, amma akwai matsakaici da ake aunawa: murabba'in kowane nauyi a ninka da rabonsa, wato 0.68, 0.30 da 0.02, a tara, a ɗauki tushe. KATRIN a Karlsruhe ta Jamus yana neman wannan a ƙarshen makamashin ilektoron da tiritiyam ke fitarwa, wajen keV 18.6. Iyakar da ya bayar a 2025 ita ce ƙasa da eV 0.45, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin ilektoron. Rikiɗa ba ta ba da nauyin kansa sai bambancin murabba'ai, amma tana ba da ƙasa: tushen 0.0025 shi ne 0.05, ke nan aƙalla ɗaya daga cikin ukun ya kai eV 0.05.

Za a iya irin wannan awon a Ghana?

Mu lissafa. Tukunyar nukiliya tana fitar da kishiyar νe kusan 2 × 10²⁰ a sakan ga kowane gigawat na zafi. Tukunyar bincike ta GHARR-1 da ke Kwabenya, ƙarƙashin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana, kusan kilowat 30 ce, wato kusan 6 × 10¹⁵ a sakan. Ga makamashin MeV 4 da babban Δm², ƙololuwar farko tana kusan kilomita 2, a can kuma abin da ke ratsa kowane santimita murabba'i bai fi dubu 12 a sakan ba. Daya Bay ya yi aiki da tukwane 6 masu jimlar gigawat 17.4, ninki sama da dubu 500 na Kwabenya, don ya auna raguwar da ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba. Tushen namu bai isa ba.

Zurfi kuwa akwai shi. Mahaƙar zinariya ta Obuasi, kudu da Kumasi, ta kai kusan mita 1,500, kwatankwacin inda Davis ya ajiye tankinsa, kuma zurfin shi ke tare miyon ɗin sararin samaniya da ke cika na'ura da alamun ƙarya. Sai dai rami kaɗai ba ya zama ɗakin gwaji, ana buƙatar dubban tan na ruwa mai tsabtar gaske da wutar da ba ta ɗaukewa.

Abin da ke hannun ɗalibi yanzu shi ne lissafin, kuma kwamfutar cinya ta ishe shi. A rubuta jadawalin PMNS da kusurwoyi ukun a Python, a ninka kowane yanayin nauyi da takunsa na m²L/2E, a mayar zuwa yanayin hulɗa, a ɗauki murabba'i. A sa L a 200, a zana P daga GeV 0.1 zuwa 3. A kowane makamashi damar νe da νμ da ντ dole su tara 1 cif. Idan ba su tara ba, a fara duba yadda aka rubuta jadawalin PMNS da yadda aka ɗauki murabba'i; wajen dawowa kuma a tuna juya layukan jadawalin zuwa ginshiƙai tare da sauya alamar i, domin mantuwar wannan ba ta nunawa a jimlar.